Madacin Lami

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka iya karatu, kun taso kuna jin ana kiran unguwarmu Inuwar Sanda. Ko a tashar Ƙonni mutum ya ce a sauke shi Malbaza wajen itatuwa, sai direba ya ce ya gane. Kun kuma taso kuna ganin wani fili fari fat a ƙofar gidanmu, alhali kowace ƙofa a layin nan tana da itacenta. Duk wanda ya tambaye ni a cikinku, na ce masa gara ce ta cinye madacin yayarku Lami. Uwarku Hajo ta koma ga Allah ba ta ƙaryata ni ba ko sau ɗaya, Allah ya jiƙanta. To ba gara ba ce, ni ne. Tun da hannuna yana iya riƙe alƙalami, bari in faɗa muku yadda aka yi, kada in tafi da ƙarya a baki.

Da muka zo wurin nan sunansa Fako, kuma sunan ya dace da shi. Kamfanin siminti ya jawo mutane daga ko'ina, Adarawa da Gobirawa da Zabarmawa da Buzaye, har da mutanen Sakkwato masu motoci. Wanda bai samu gidan ma'aikata ba sai a yanka masa fili a nan, kan ƙasa mai tauri wadda ko ƙaya ba ta so. Da rana akuya takan bi gindin katanga tana neman inuwar da ba ta kai tafin hannu ba. Ni a lokacin ina tuƙa wa wani ɗan kasuwa babbar mota, ina kai siminti Ƙonni da Tawa da Maraɗi, wani lokaci har Yamai. Sanda tela ne, mutumin Illela, gidansa yana kallon nawa, hanya ce kawai a tsakani. Tare muka kwaɓa ƙasar katangunmu, mu sa'annin juna ne, kwano ɗaya muke ci in ina gari. Ban taɓa yin aboki kamarsa ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa ba.

Matanmu sun yi cikin fari a shekara ɗaya. Binta matar Sanda ta riga Hajo haihuwa da kwana ashirin, ta sami namiji. Hajo tana zuwa taya ta wankan jego, sai ta lura da ruwan da ke fita ta rariya safe da yamma, tukunya guda kowane wanka, yana malala a fako yana ƙafewa a banza. Ranar da na dawo daga hanya ta tare ni da maganar tun kafin in wanke ƙafa.

"Malam, ruwan ga na jego kwana arba'in za a yi ana zubda shi. In da akwai ɗan icce bakin rariya, ai da ya kama."

Na yi mata dariya, na ce mai ciki ba ta rasa abin so. Amma da na je Ƙonni washegari na tsaya wajen wani mai lambu, na karɓo 'yan madatai biyu a gwangwanin madara, na ajiye su kusa da ni a gaban mota ina yi musu inuwa da hulata. Ranar sunan ɗan Sanda, wanda aka sa wa Bello, na zaɓi wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun na ba shi. Muka haƙa ɗan rami a bakin rariya don ruwan zafi ya huce kafin ya isa ga saiwa, muka dasa, mutane suna ta yi mana ba'a wai tela da direba sun zama manoma. Bayan mako biyu aka haifi yayarku ranar Alhamis. Sunanta na yanka ban taɓa furta shi ba, kun san kunyar ɗan fari, shi ya sa har a takardar nan Lami zan ce. Muka dasa nata a bakin tamu rariyar. Kafin a gama arba'in duka biyun sun yi sabon ganye.

Daga nan abin ya zama al'adar Fako ba tare da kowa ya yi shela ba. Mace ta haihu, ranar suna uba ya dasa itace, ruwan jego ya raine shi. Wani ya sa dogon yaro don ba shi da wuya, wani mangwaro, wani tsamiya, mai tagwaye ya sa biyu. Kowane itace da sunan ɗansa ake kiransa, har kwatance da su ake yi, a ce ka wuce tsamiyar Hassana ka karya dama wajen mangwaron Idi. A shekarar farin nan da gero ya ƙone a gona, mutane sun sayar da dabbobi, wasu sun tafi cirani, amma ban ga uwar da ta bar itacen ɗanta ya mutu ba. Ruwan alwala da na wanke-wanke duk a gindinsa ake juyewa. Ba a sarar reshe sai an tambayi uwar mai itacen. In yarinya za ta yi aure, a ƙarƙashin itacenta ake shimfiɗa tabarmar ɗaurin aure. Cikin shekara goma sha biyu, in na hawo tudu daga Dogarawa nakan hango unguwarmu kore shar a tsakiyar farin gari, tsuntsaye sun dawo, mata suna daka a waje, yara suna haddar karatun lakwal, wato boko, a inuwa. Nakan ce wa zuciyata, wannan duk daga gaban motata ya fito.

Bello bai yi tsawon rai ba. Ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara biyu, kuma Allah bai sake ba su haihuwa ba. Bayan sadakar arba'in Sanda ya fito da keken ɗinkinsa daga zaure ya girke shi a gindin madacin, tun inuwar ba ta isa ta rufe keken ba. Ya kewaye itacen da ƙaya don awaki da masu ɓantarar ɓawo na maganin ciki. Yakan tafi garken Fulani ya ɗebo taki a buhu, yakan sassaƙe ƙasar gindin da 'yar fartanya kowace Juma'a. Itace kuwa ya san mai yi masa hidima. Nasa ya ninka namu kauri, ya baje rassa har ya tsallaka hanya. Tun da tela kullum yana nan, sai mai kawo ɗinki ya zauna, mai wucewa ya tsaya gaisuwa ya zarce da hira. Kofur Hima, wani tsohon soja Bazabarme da ya yi ritaya a nan, ya kawo rediyonsa da butar shayi. Liman ya riƙa zama bayan la'asar. 'Yan dara suka tona gurabunsu a ƙasa. A nan ake raba goron suna, a nan ake sasanta rigimar mata kan bakin rijiya, a nan ake shirya gayyar yaɓen gidan wanda ba shi da ƙarfi. Majalisar unguwa ta tabbata a ƙofar Sanda.

Ni fa? In yi kwana uku a hanya, in dawo baya yana ciwo, in tsayar da mota, in tarar da ƙofata wayam sai kaji. Daga can tsallake a ɗago hannu a ce, "Direba, sannu da hanya." Sai in wanke fuska in tsallaka in raɓa a bakin tabarma kamar baƙo. Ba wanda ya taɓa yi mini wulaƙanci, Sanda ma yakan matsa ya ba ni wuri mafi kyau. Wannan matsawar ita ta fi ƙona mini rai, don mai wuri ne ke ba da wuri. Na san itacen ɗan da ya mutu ne, na san da a ce za a ba Sanda zaɓi da ya ba da unguwar duka a mayar masa da Bello. Na san wannan sarai, kuma bai hana ni kallon rassan nan ina jin kamar an ƙwace mini wani abu ba. Hassada ba ta da kunya.

Abin da ya tunzura ni ya faru ina Maraɗi. Wani ma'aikacin gandun daji ya kawo baƙi daga Tawa su ga unguwar, suka zauna a majalisa aka ba su shayi, suka tambayi wanda ya fara wannan aiki. Da na dawo Kofur Hima ne ya ba ni labari, yana murna kamar ya kawo mini albishir.

"Mun ce musu Sanda na. Shi ko mutumin kirki, sai yac ce a'a, Mamman Direba yak kawo iccen, matatai taf fara shawara. Baƙi sunka ce kai, wanga bawan Allah ko yabo bai so. Sun rubuta Inuwar Sanda ga takardarsu."

Kun ji. Har gaskiyar da ya faɗa ta zama masa ado. Na yi dariya tare da kowa, na sha shayin, amma ban ji zaƙinsa ba. Tun daga ranar yara suka fara cewa Inuwar Sanda, sunan Fako ya fara ɓacewa. Na shiga gida na zauna ina kallon madacin Lami ta saman katanga. Ba ƙarami ba ne, inuwarsa ta isa mutum ashirin. Na tambayi kaina me ya rasa, sai na ba kaina amsa irin ta mutumin Malbaza.

Mu mutanen garin nan, duk abin da ya gagara sai mu ce a sa masa siminti. Randa ta tsage, siminti. Turmi ya fashe, siminti. Na san wanda ya yi wa kajinsa akurki na siminti suka gasu a ciki. Mun ga siminti ya tsayar da gada da asibiti, sai muka ɗauka babu abin da ba ya gyarawa. Ina da buhunan da suka fashe a hanya waɗanda mai kaya ya bar mini, sun taru a ɗakin ajiya. Na kira Tanko magini na nuna masa gindin madacin. Na ce ina son dakali mai faɗi, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, sumul kamar faranti, ba tururuwa ba ƙura ba caɓi da damina. Na ce ya yi wurin jingina, ya yi gurbin murhun shayi, ya fitar da gurabun dara a jikin simintin tun yana ɗanye. Ya haƙa ƙasa ya tarar da saiwoyi sun taso, ya tambaye ni, na ce ya sare waɗanda suka tsare masa hanya. Rariyar gidanmu kuma, wadda take zuba a gindin itacen tun ranar sunan Lami, na ce a toshe ta a juya ta baya, don kada ruwan wanka ya ɓata wa manya wurin zama.

Hajo ta tsaya a bakin zaure da ludayi a hannu tana kallon Tanko yana cusa dutse a bakin rariyar.

"Malam, to shi iccen mi za shi sha?"

"Icce mai shekara sha biyu nono shika sha? Saiwatai ta kai ruwa tuni. Koma ga tukunyarki."

Ta koma. Ba mai yawan magana ba ce, kuma ta san in na ɗaure fuska haka ba a jan zance da ni. Ana cikin kwaɓa siminti Sanda ya tsallako, tef ɗin awo a wuyansa. Ya zagaya wurin sau biyu, ya tsuguna ya ɗauki guntun saiwar da aka sare ya shinshina.

"Mamman, aikin ya yi kyau. Amma ka bar mishi hili ga gindi, ko taki biyu, inda ruwa za su shiga. Icce shina shaƙar iska ta ƙasa awa yadda muka yi ta hanci."

"Tela ya zama malamin daji ke nan, tun da baƙi sunka rubuta sunanai."

Ya dube ni.

"Ba don komi nic ce ba. Na Lami na."

"Na san ko na wa na. Ni nid dasa shi."

Na juya na ce wa Tanko ya kai simintin har jikin itacen, kada ya bar ko tsagar da allura za ta shiga. Da Sanda bai yi magana ba, wataƙila da na bar filin, don Tanko ma ya so ya bari. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a kunnena a ranar ya zama. Na ɗauka tsoro yake ji kada majalisa ta bar ƙofarsa, don na auna zuciyarsa da tawa.

Kuma majalisa ta taso. Ba zan ɓoye muku ba, shekarar nan ta yi mini daɗi ƙwarai. Kofur Hima ne ya fara kawo rediyonsa, wai dakalin ya fi dacewa da gwiwar tsohon soja. 'Yan dara suka biyo gurabunsu, liman ya biyo jama'a. In na dawo daga hanya tun daga nesa nake hango fararen riguna a ƙofata, in sauko ana yi mini sannu, ni nake matsawa in ba da wuri. Nakan sayo ganyen shayi mai kyau daga Ƙonni da ƙanƙara a buhun shinkafa. Ina zaune ina satar kallon tsallake, in ga Sanda shi kaɗai da kekensa a ƙarƙashin wannan ƙatuwar inuwa, sai in ji sanyi a raina. Da la'asar yakan rufe keken ya tsallako da ɗinkin hannu ya zauna tare da mu, yana dariya da kowa. Sau biyu na gan shi ya zo da bokiti yana tsiyaya ruwa a jikin itacen, wai ko zai sami hanyar gangarawa. Na ce masa ya bari, yana sa dakali gansakuka.

Lami ce take share dakalin kowace safiya kafin ta tafi lakwal. Ni da ita ba ma doguwar magana, gaisuwa ce kawai tana durƙushe, saƙo kuma ta bakin uwarta yake bi. Wata rana Hajo ta ce mini yarinyar ta ce ganyen da take sharewa ya yi yawa, kuma ba lokacin zubarsa ba ne. Na ce kowane itace yana canza riga. Da bazara ta biyu ta shigo, rassan sama suka bushe suka tsaya tsirara. Rana ta fara ratsowa, siminti kuwa in ya sha rana ba ya san mutunci. Kofur Hima ya zauna wata azahar ya miƙe da sauri yana shafa bayansa, ya ce shi ya bar aikin soja bai shirya a gasa shi ba. Aka yi dariya, har da ni. Bayan kwana kaɗan na dawo daga Tawa na tarar rediyon yana magana daga tsallake. Ɗaya bayan ɗaya suka koma, ba wanda ya yi sallama, kuma ba wanda ya yi laifi.

Wata safiya bayan an fito masallaci, Sanda ya yi sallama a ƙofata. Yana riƙe da babbar guduma da ya aro wajen maƙera, ya naɗe hannun riga. Mutane suna zazzaune a ƙofarsa suna jiran koko, duk idonsu yana kanmu.

"Mamman, har yanzu da rai gare shi. Na kankari ɓawo na ga ɗanye. Mu hwasa daga gindi, mu buɗe rariya, kwana ukku ina ba shi ruwa. In Allah ya so shi tashi."

"Wa yac ce maka ciwo shikai?"

"Kai ma ka gani."

"Damana na tahe. In ruwa sunka sauka za ka ga ganye."

Ya rage murya yadda na tsallake ba za su ji ba.

"In don mutane na, ka tahi hanya. Ni in hwasa bayanka, ka dawo ka yi ta zagina gaban kowa, ka ce na yi maka ɓarna. Na yarda."

Ku duba irin mutumin da nake jin haushi. Ya ba ni hanyar da zan tsira da itacen in tsira da girmana, shi ya ɗauki zagin. Amma abin da na ji a lokacin shi ne, ko a wannan ma ya fi ni. Idan itacen ya tashi, kowa zai san hannun wa ya tashe shi, ni ma zan sani. Na ce masa duk wanda ya sa guduma a dakalina, ni da shi sai gaban mai gari. Ya saɓa gudumarsa ya koma. Ban waiwaya ba, amma na ji motsin tsintsiya a bayana ya tsaya tun da muka fara magana.

Damina ta zo da ruwa mai kyau a shekarar. Ina zaune a zaure ina kallon ruwa yana sauka a kan dakalin, yana gangarewa sumul zuwa hanya, yana tafiya gindin itatuwan wasu. Tanko ya iya aikinsa. Duk unguwa ta yi kore, madacin Lami bai fitar da ganye ko ɗaya ba. Da kaka liman ya same ni a hankali ya ce a sauke shi kafin iska ta kayar da shi kan yara. Ranar da aka fasa dakalin na ga abin da na yi. Jikin itacen ya yi ƙoƙarin kauri siminti ya hana shi, ya shaƙe ya yi wuya kamar an ɗaure shi da igiya, ƙasar ƙarƙashi kuwa busasshiya ƙamas duk da ruwan da aka yi. Gara ta riga ta shiga, don gara ba ta barin mataccen itace. Na nuna wa mutane ita da ƙafa na ce ga ɓarauniyar. Suka ce Allah ya kyauta. Sanda bai zo kallo ba, ranar ya shigar da kekensa zaure.

Sau uku ina dasa wani a gurbin, ba wanda ya kama, don ƙasar ta cika da tsakuwa da ɓaraguzan siminti. A na ukun Hajo ta ce in huta, itacen suna ba a dasa shi sau biyu. Ni da Sanda muka koma gaisuwar hanya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Lami ta riƙa yini a gidansu wajen Binta, ta koyi ɗinki a wurinsa, na ga hakan ban ce komai ba tun da ɗan fari dama na mutane ne.

Ta gama karatun malanta, wani malamin lakwal ɗan Dogarawa ya nemi aurenta, ita ma tana so. Ana saura mako guda na rasa inda zan sa kaina, don kowa ya san inda ake ɗaura auren 'yar unguwar nan. Na fara maganar haya rumfar tamfol. Sai Sanda ya aiko Binta wajen Hajo, wai yana roƙon alfarma, Bello da Lami tare aka dasa su, a bar shi ya ga an ɗaura aure ko sau ɗaya a ƙarƙashin nasa. Ya mai da taimakon da zai yi mini ya zama roƙo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofarsa, mutane fiye da ɗari suka zauna ba wanda rana ta taɓa. Ina zaune a tsakiya ana shafa fatiha, baƙin Dogarawa suna ɗaga kai suna cewa ma sha Allah da wannan itace. Ina jin kunya, ina jin godiya, kuma wallahi a ƙarƙashinsu tsohon haushin nan yana nan bai mutu ba.

Da shekara ta zagayo Lami ta dawo gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Na ce to, ga ranar da Allah ya ba ni. Jikan fari, ruwan jego daga rariyata, wannan ba dashe na biyu ba ne, sabon suna ne. Na kwashe ɓaraguzan nan da hannuna har zurfin ƙugu, na ɗauko jar ƙasa mai kyau daga fadama a mota, na buɗe tsohuwar rariya. Na je Ƙonni na zaɓo ɗan madaci mafi kyau a lambun. Ta haifi namiji lafiya. Ana gobe suna da hantsi, ina zaure ina gyara ƙayar da zan kewaye shi da ita, Hajo ta shigo ta tsaya ba ta zauna ba.

"Malam, yarinya ta ce wankan ga gidan Binta za ta ƙarasa shi. Ta ce iccen, Baba Sanda za shi dasa, ga ƙohwatai."

Na ajiye ƙayar. Na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ta, na tafi har bakin ɗakin da take, na tsaya a bayan labule na yi gyaran murya. Na ce mata na gyara wuri, na kawo ƙasa, gara ba za ta sake samun hanya ba. Na ji ta gyara wa jaririn kwanciya. Sannan ta yi magana a hankali, da ladabi, yadda take gaishe ni kowace safiya.

"Baba, ina nan ranar da Baba Sanda yaz zo da guduma. Ni ka shara."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ba ni hushi, Baba, wallahi na daɗe da yahewa. Wancan nawa na. Amma wanga na ɗana na."

Washegari bayan an raɗa suna, na ɗauki gwangwanin da kaina na tsallaka hanya a gaban jama'a. Sanda ya riga ya haƙa rami a bakin rariyarsa. Ya karɓa da hannu biyu, bai dubi fuskata ba, ya tsuguna ya ce in riƙe masa shi ya tsaya daidai. Na riƙe, shi ya tura ƙasa.